Daga Bakin Tasha: Wace ƙasa ce ta fi abinci mai kyau?

 

Makon jiya babban ɗana ya yi tafiyarsa ta farko shi kaɗai. Daga nan Kumasi zai sauka Ankara (ta Gana nake nufi, ba ta Turkiyya ba), ya ƙetare iyaka a Aflawo ya shiga Lome, ya zarce Kwatano ya saro atamfa da shadda, ya juyo. Duka-duka kwana shida. Amma da kun ga guzurin da uwarsa ta haɗa masa, sai ku rantse hajjin ƙasa zai tafi. Dambun nama, ƙuli-ƙuli, garin kwaki, garin kunu, cincin, ga yaji cike da kwalba. Na ce, "Hajiya, yaron nan Kwatano fa za shi, ba Sahara zai ƙetare ba." Ta ce, "Alhaji, ka ƙyale ni. Ni ban yarda da abincin mutanen can ba." Na ce waɗanne mutanen can, ke da kika shekara 22 a cikin Asantawa? Ko kallona ba ta yi ba, ta ci gaba da ƙulla ledojinta.

Da daddare na kai zancen teburin mai shayinmu a Aboabo, ina neman masu taya ni. Ashe tsuliyar dodo na tsokano. Wani Ba'adare mai sayar da albasa ya ce duk duniya babu abinci sai a Nijar. Wani Basakkwace ya ce to me ake ci a Nijar ɗin in ban da fura? Wani ɗan Zango, haihuwar nan, ya ce dukkansu yunwa ce ta koro su Gana. Har mai shayi ya fara kife kofuna ba a rabu ba. Ni dai na ce zan faɗi nawa a rubuce, inda ba mai katse ni. Shekarata 31 a kan hanya. Na fara da yaron mota a gingimarin goro, na yi albasa, yanzu ina harkar yadi. Ban yi boko mai nisa ba, amma cikina ya yi karatu a ƙasa tara.

Bari in fara da abin da ba na jin akwai musu a kansa. Nama na Nijar ne. Ragon da ya tashi a dajin Adar ko Damargu, ya ci ciyawa da harawa, ya yi yawo da ƙafarsa, namansa ba ya bukatar ado. Ka tsaya a Ƙonni ko Maradi bayan la'asar, mahauci ya yanko maka balangu a takarda, gishiri, ɗan yaji, ɗanyar albasar Galmi, shi ke nan. Kilishin Madawa kuwa, in ka ɗaga shi sama kana hango hasken rana ta cikinsa, kuma zai yi maka makonni a jaka bai canza ba. Fura ma haka, gero ne zalla da nonon da aka tatso, ba madarar gari da aka kwaɓa aka bari ta yi tsami ba. To amma Ba'adare abokina ya yi haƙuri. In aka bar nama da fura aka zo kan miya, a tashoshin Nijar an bar ku a baya. Sau da yawa ruwa ne ja da mai yana yawo a sama, a zuba a kan shinkafar da ta daɗe a sito. A gidaje akwai matan da suka iya miya, na ci na shaida. Sai dai matafiyi ba a gida yake ci ba.

Gana ita ce ta fi kowa iya tashin matafiyi da safe. Abin dariyar, da yawa daga abin da ake yabo a nan namu ne, sunayen ma sun isa shaida, don Bahaushe ya daɗe yana zirga-zirga a ƙasar nan tun zamanin fataucin goro a Gwanja da Salaga. Wace ɗin nan da suke rubutawa waakye, ba komai ba ne illa wake da shinkafa. Ana dafa shi da karan dafi da 'yar kanwa ya yi ja, a zuba a ganye, a sa shito, baƙin yajin nan nasu da ake soyawa da busasshen kifi, a ƙara taliya da garin kwaki da dafaffen ƙwai. In ka ci da ƙarfe bakwai, sai azahar ta wuce kafin cikinka ya sake magana. Koko kuwa har sunanmu yake ɗauke da shi, "Hausa koko" ake ce masa ko a tsakiyar Ankara, ga citta da kanumfari da barkono har sai ka yi gumi, ga ƙosai a gefe. Tuwon zafi da miyar ayoyo, wato lalo, ya zama abincin kowa, har ma'aikatan banki da kwat ɗinsu za ka gani a layi.

Abin da na daɗe ina rainawa kafin in gane darajarsa shi ne dokunu. Ranar da na fara buɗe shi ina yaron mota, tsamin ya buge ni, na ce wa maigidana, "Alhaji, ruɓaɓɓen tuwo aka sayar mana." Ya yi dariya har da ƙwalla. Masara ce ake jiƙawa, a niƙa, a bar ƙullun ya kwana biyu uku ya yi tsami, sannan a naɗe shi a bawon masara ko ganyen agada a dafa shi ya daɗe a wuta. Wannan tsamin da doguwar dahuwar su ne ke sa ya yi kwanaki a mota bai lalace ba, musamman na Fantawa mai ganyen agada. Wane tuwonmu ne zai jure haka cikin zafin gaban mota? Yau in zan yi doguwar tafiya, dokunu biyu da soyayyen kifi sun fi mini duk wani biskit.

Inda Gana ta faɗi shi ne nama. A ba ka yanka biyu kamar ɓarin goro, sauran duk ganda. Kaza kuwa yawancinta ta ƙanƙara ce da jirgin ruwa ya kawo, ba ka san ranar da aka yanka ta ba, balle wanda ya yanka. Sannan in ka bar Zango ka shiga gidan abincin kudu, sai ka tambaya kafin ka sa hannu, don akwai miyar da ake sa wa ƙafar alade mai gishiri, ga gyazbi da dodon koɗi. Ko ba ka jin yaren Asante, ka riƙe kalma ɗaya, prako, shi ne alade. Su ma ba sa jin haushin tambaya, za su gaya maka gaskiya.

Barkina ba zan daɗe a kanta ba. Kazarsu ta gida, wadda suke wa laƙabi da mai keke saboda doguwar ƙafa da ƙarfin jijiya, in aka gasa ta a Wagadugu da tafarnuwa ba ta da ta biyu. Sai dai a garin ana gasa alade a bakin titi da yawa, don haka ka duba tukuba da kyau kafin ka zauna.

Doya ta Binin ce. Duk wanda ya bi hanyar Malambil zuwa Kwatano ya san Paraku. Sakwarar da ake daka a can tana da danƙo da santsi, ba gudaji, a zuba miyar gyaɗa, a sa wagashi, cukun nan na Fulani mai laushi da ake rina bayansa ja da karan dafi ɗin nan dai na wace. Tun da aka rufe gadar Gaya da Malambil a 2023, abokaina na Nijar da yawa sun sauya hanya, kuma wani ya rantse mini ban da cinikin da ya rasa, ba abin da yake kewa kamar sakwarar Paraku. A kudu kuma akwai doguwar abarbar nan ta wajen Alada, mai farin ciki, zaƙi kamar an zuba mata sukari.

Abijan tana da wani abinci da kowane Bahaushe ya kamata ya sani, don sunanmu ne a kansa. Garba ake ce masa. Ana cewa 'yan uwanmu 'yan Nijar ne suka fara sayar da shi, sunan ya bi shi. Aceke ne, wato rogo da aka gurza aka bari ya ɗan yi tsami aka turara, ya fito warwar kamar dambu, a ɗora soyayyen kifin teku, ɗanyen attarugu, albasa, tumatir, a murmushe dunƙulen magi a kai. Da araha, da ƙosarwa, daga ɗan dako a Ajame har ɗalibin jami'a shi suke ci. A Disambar 2024 ma UNESCO ta sa sana'ar yin aceke cikin al'adun duniya da ake tattalinsu. Aceken kansa ba ni da abin cewa a kansa. Man da ake yaryaɗawa a kai ne matsalar. Man suyar kifin ne ake ɗebowa daga kasko, kuma a wasu wuraren an soya an sake soyawa har ya koma baƙi kamar na inji. Ina ci, amma ina cewa a bar mini man. Kuma wannan laifin, ba ɓoye-ɓoye, yawanci namu ne, don mu ke tsaye a bakin kaskon.

Kifi kuwa sai Kamaru. Giwan ruwan Binuwai a Garwa, da gasasshen kifin teku a Duwala da dare, an shafe shi da kayan ƙamshin da har yau ban iya lissafa su ba, a ci da bobolo, rogon nan da ake naɗewa dogo a ganye. Ƙasa ce da Allah ya ba ruwa da ƙasa mai kyau. In ka hau jirgin ƙasan dare daga Gaundare zuwa Yawunde, duk inda ya tsaya mata ne ke miƙo ayaba da fiya da zuma ta taga. Miyar ndole, shuwaka ce da gyaɗa, an wanke ɗacin sai ɗan abin da ya rage don daɗi. Ni da na ƙi shuwaka tun ina yaro, a Duwala na shirya da ita. In kewar gida ta taso, ga unguwar Birikitiri a Yawunde, 'yan uwanmu na nan da tsire, su soya suke ce masa. Daga can arewa in ka ƙetare gadar Kusiri ka shiga Injamena, gashin naman raƙumi da kisra, wainar nan mai faɗi sirit kamar takarda, sun isa ka tuna da Cadi.

Burodi ban sa shi cikin gasar ba. Sandan burodin ƙasashen Faransa da safe da ɗuminsa ba kamarsa, amma kafin magariba za ka iya korar kare da shi.

To duk wannan zancen daɗi ne. Inganci wani abu ne daban, kuma ban koyi bambancin ba sai da na biya kuɗin makaranta mai tsada.

Wata shekara cikin bazara, lokacin ina albasa, mun yi lodi a Galmi za mu kawo Kumasi. Muka wuce Yamai, muka shiga Barkina, muka wuce Fada Ngurma. Wajen azahar muka tsaya a wata tasha kafin iyakar Gana. A gefe ɗaya wata mata ce 'yar ƙasar, tukunyarta na kan wuta tana tafasa, benga take sayarwa, wato wake da shinkafarsu, mutanen gari sun yi layi da kwanoninsu. A ɗaya gefen wata rumfa ce, sai na ji an ce da Hausa, "Alhaji sannu da hanya, akwai tuwon shinkafa da miyar taushe." Wallahi ji na yi kamar an kira ni daga gidanmu. Direba ya ce, "Alhaji, mu bi layin can." Na ce shi ya je ya ci waken Mosawa, ni na samu na gida. Na lura ba kowa a rumfar sai ni. Na lura tuwon ba zafi, miyar ma ɗumi-ɗumi ce, kamar ta jiya aka ɗan nuna wa wuta. Na gani da idona, amma harshen da aka yi mini magana da shi ya rufe mini ido. Na kora da ruwan ƙanƙara na ƙullin leda.

Kafin isha'i na fara. Amai da gudawa, kamar an buɗe famfo. Da asuba ba na iya tsayuwa, sai ɗaukata aka yi zuwa wani ƙaramin asibiti, aka yi mini ƙarin ruwa leda huɗu. Takardun kaya da kuɗin hanya duk a hannuna suke, ga shi lokacin ba a fara tura kuɗi ta waya ba kamar yanzu, mota ba ta iya tafiya ba ni. Kwana biyu tana tsaye a rana. Duk wanda ya yi albasa ya san me kwana biyu a rana ke nufi ga buhunan da ke ƙasa. Da muka sauke a Kumasi, sama da buhu 40 muka zubar, wasu kuma muka sayar a wulaƙance. Ribar tafiyar da wani yanki na uwar kuɗi suka tafi a kan kwanon tuwo ɗaya. Direba da yaransa da suka ci waken Mosawa, ko ciwon kai ba wanda ya yi.

Tun daga ranar na daina tambayar abincin wace ƙasa ne. Abin da nake dubawa, tukunyar tana kan wuta? Su waye ke ci, 'yan gari da za su dawo gobe su yi ƙorafi, ko baƙin da za su hau mota ba a sake ganinsu? Mai abincin da 'yan unguwa ke wa layi ba ta da abin da zai kwana, kuma tana tsoron sunanta. Mai jiran matafiya kawai, ko 'yar garinku ce, ta san ba za ka dawo ba. Da na waiwaya na lissafa, yawancin abincin da ya taɓa ɓata mini ciki a waje, wanda aka yi da sunan "na gida" ne don a jawo irina.

Basakkwacen nan zai ce to ina Najeriya a lissafin? Ina zuwa. Wajen miya ba wanda ya kamo mu, wannan na faɗa ko a gaban wa. Kuka, kuɓewa ɗanya da busasshiya, taushe, zogale, yakuwa, karkashi, kowace da daddawarta da hannun da ya iya ta. Ga masar Bauci, ga ɗan wake, ga fate. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, mun fara ɓata abinmu. Daddawa ta ja baya, dunƙule biyar shida ake jefawa a tukunya ɗaya har komai ya koma ɗanɗano guda. Mangwaro da ayaba ana nuna su da sinadarin masu walda. Wake kuwa, mu 'yan kasuwa mun fi kowa sanin abin da ake zuba masa a sito don kada ya yi ƙwari. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwarin da aka samu a cikinsa. Wanda Turawa suka ƙi, wa ya ci shi? Kada ɗan Zango ya yi dariya, a shekarar nan dai hukumar abinci ta Gana ta gano ana zuba wa manja rini a kasuwannin Ankara don ya ƙara ja. Ba ƙasar da ta tsira. Kuma masu zubawar ba aljanu ba ne, a sahu ɗaya muke salla da wasunsu, wani lokacin ma a motarmu kayan ke tafiya.

Daren da yaron zai tafi na kira shi ɗakina bayan uwarsa ta gama nata. Na ce, "Guzurin Hajiya ka riƙe shi da kyau, zai yi maka rana a bakin iyaka in an tsare ku, don a Aflawo ana iya shafe yini. Amma kada ka shiga ƙasar mutane ka fito ba ka san abin da suke ci ba. Mai masaukinka in ya sa maka kwano ka ture, ya gama karanta ka, gobe a farashi za ka gani." Na ce ya ci abin da aka sauke a gabansa da tururinsa, ya bar latas da kabeji da duk abin da aka kwaɓa da mayonis ya wuni a rana. 'Ya'yan itace, wanda zai ɓare da hannunsa. Ruwa, wanda aka like a kamfani, ƙanƙara kuwa ko kyauta aka ba shi ya ce ya gode. Inda bai yarda da yanka ba, ya ci kifi. Na ba shi ƙullin gishiri da sukari na asibiti guda huɗu, na ce in sun ƙare, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ya yi ta kurɓa har ya kai asibiti. In ya ga jini ko zazzaɓi ya haɗu da abin, kada ya tsaya jiƙe-jiƙe.

Shekaranjiya ya bugo daga Zangon Kwatano. Kaya sun haɗu, saura lodi. Na ce me ka ci? Ya ce a Lome ya bi wani layi ya ci ayimolu, ashe wace ne da wani suna. A Kwatano kuma mai masaukinsa ya kai shi bayan kasuwar Dantokpa sun ci akasa da soyayyen kifi, ya ce kamar kafa ce ta masara. Dambun naman kuwa tun a Aflawo ya ƙare, don awa biyar suka yi ana duba takardu, duk motar aka ci. Yajin ne kawai yake ɓoyewa, wai har wani Bayarabe ya nemi ya saya.

Hajiya na gefe tana ji. Ta karɓe wayar ta ce, "Kai, wane ne kuma akasa? Cikin naka lafiya dai ko?" Ya ce lafiya lau. Ta ce to in zai taho ya sayo mata abarbar nan da babansa ke ta zuzutawa, guda uku, ta gani da idonta.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Allah ya kai kowa masaukinsa lafiya.